Wa Ke Yanke Hukunci Kan Irin GMO, Ɗakin Gwaji ko Mai Saye?

Tambaya: Na lura cewa wata ƙasa takan amince da noman irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO, wata kuma ta haramta shi, kuma kowacce ta ce binciken kimiyya ta bi. Idan kimiyyar ɗaya ce, daga ina bambancin yake fitowa? Shin da gaske ne cewa cinikin ƙasa da ƙasa yana da hannu a ciki?

Amsa: Yana da hannu, kuma hannun ya fi girman yadda gwamnatoci suke yarda su faɗa a bainar jama'a. Ba ina nufin cewa binciken lafiya wasan yara ne ba, kuma ban kore tasirin tsoron jama'a da siyasar cikin gida ba, domin duk suna nan. Abin da nake so ka gane shi ne, masanan da ke ɗakin gwaji tambaya ɗaya suke amsawa, wato ko wannan iri yana da illa ga mutum ko dabba ko muhalli. Ministan da zai sa hannu kuwa yana da wata tambaya a gabansa wadda ba a rubuta ta a rahoton masana ba: idan manomanmu suka shuka wannan iri, wa zai sayi abin da suka girbe, kuma idan muka ƙi shi, daga ina za mu samo abin da muke shigowa da shi? A lokuta da yawa amsar tambaya ta biyu ce take yanke hukunci, sa'annan a nemo kalmomin tambaya ta farko a yi sanarwa da su.

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an san yadda hatsi yake tafiya a kasuwar duniya. Masara da waken soya da alkama ba sa tafiya da sunan gonar da suka fito. Manomi ya girbe da injin da wataƙila jiya ya yi aiki a gonar maƙwabcinsa, ya zuba a babbar mota, a juye a wani ƙaton rumbu tare da na ɗaruruwan manoma, daga nan a ɗora a jirgin ƙasa ko a kwalekwalen dakon kaya zuwa tashar jiragen ruwa, inda za a sake haɗa shi da na wasu yankuna a cikin jirgi ɗaya mai ɗaukar tan dubu 60 ko fiye. A kowane zango ana barin ragowar kayan jiya a ƙasan mota, a kan bel ɗin da ke jan hatsi, da cikin lungunan rumbu. An gina wannan tsari ne don a rage tsada, kuma arahar tasa ta dogara ne a kan cakuɗawa. Saboda haka da zarar ƙasa ta bar manoma kaɗan sun shuka wani sabon iri, a aikace ta amince ke nan cewa ɓurɓushinsa zai iya bayyana a kowane jirgi da ya tashi daga tashoshinta.

A ɗaya gefen tekun kuma, kowace ƙasa tana da jerin nau'o'in da ta amince a shigo da su, kuma ba lokaci ɗaya ake ba da waɗannan amincewa ba. Irin da aka halatta a Amurka bana yana iya shekara uku ko biyar yana jiran sa hannu a Turai ko a Sin. A tsawon wannan jira, doka a mafi yawan ƙasashe ba ta yarda da ko ƙwaya ɗaya ba. Jirgi ya iso, jami'i ya zura wani dogon bututun ƙarfe cikin hatsin ya ɗebo samfur daga sama da tsakiya da ƙasa, a niƙa shi, a kai ɗakin gwaji inda na'ura ke iya gano ƙwaya ɗaya a cikin dubbai. Idan alamar irin da ba a amince da shi ba ta fito, duk kayan jirgin sun zama haramtattu, sai mai kayan ya fara biyan kuɗin tsaiko kowace rana yana neman wata ƙasar da za ta karɓa a farashin da ta ga dama. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ban san wata harka da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar wannan ba.

Amurka ta ɗanɗana wannan tun da wuri. A shekarar 2000 aka gano masarar StarLink, wadda hukumomi suka amince da ita don abincin dabbobi kawai, a cikin abincin mutane da ke kantuna, aka janye ɗaruruwan kayayyaki, Japan ma ta same ta a cikin masarar da ta shigo da ita. A watan Agustan 2006 kuma aka sanar cewa wata shinkafar gwaji ta kamfanin Bayer, wadda ba a taɓa sayar wa manoma da ita ba, ta shiga cikin shinkafar kasuwa. Turai ta tsaurara bincike har cinikin ya kusa tsayawa, Japan ta dakatar da sayen doguwar shinkafar Amurka, kuma a 2011 Bayer ya amince ya biya manoma har dala miliyan 750. Ka lura cewa waɗanda suka yi asarar ba su shuka irin ba, ba su ma san yana cikin gonakinsu ba. Tun daga nan ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar hatsi, waɗanda ba su da wata ƙiyayya ga fasahar kanta, suka zama su ne ke roƙon gwamnati da kamfanoni su dakata da sabon iri har sai manyan masu saye sun amince da shi.

Alkama ce ta fi nuna ƙarfin wannan. Tun 1996 ake noman waken soya mai jure maganin kashe ciyawa a Amurka, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye gonakin. Kamfanin Monsanto ya samar da alkama mai irin wannan siffa, aikin kimiyyar ya yi nisa, amma a watan Mayun 2004 ya jingine shirin. Ba wata hukumar lafiya ce ta tsayar da shi ba. Masu niƙa alkama a Japan da Turai ne suka bayyana cewa ba za su saya ba, hukumar da ke sayar da alkamar yammacin Kanada a lokacin ta fito ta yi adawa, manoma kuma suka lissafa cewa abin da za su samu na sauƙin noma bai kai kasuwar da za su rasa ba. Bambancin soya da alkama a nan shi ne, soya yawanci dabba ce take ci ko a matse ta a yi mai, alkama kuwa kai tsaye take zama burodi a hannun mutum. Tsoron nasu bai zama na banza ba: a 2013, da aka tsinci tsirarun wannan alkama sun fito da kansu a wata gona a jihar Oregon, nan take Japan da Koriya ta Kudu suka dakatar da sayen farar alkamar yankin na wani lokaci.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan fage ita ce Ajantina, domin ita ba ta ɓoye lissafin ba, ta rubuta shi a cikin tsarin amincewarta. A can sabon iri yakan bi matakai uku: kwamitin CONABIA ya duba tasirinsa ga muhallin noma, hukumar SENASA ta duba lafiyarsa a matsayin abinci, sa'annan wani sashe na ma'aikatar noma ya duba abin da zai yi wa kasuwannin ƙasar na waje. Shekaru da dama Ajantina takan jinkirta amincewa da nau'in masara ko soya har sai ta ga Turai, daga baya kuma Sin, sun amince. Ko da irin na ɗan gida ne, dokar ba ta sauya ba. Kamfanin Bioceres na ƙasar ya samar da alkamar HB4 mai jure fari, gwamnati ta amince da ita a watan Oktoban 2020, amma da sharaɗin cewa ba za a saki ta kasuwa ba sai Barazil, wadda ita ce babbar mai sayen alkamar Ajantina, ta yarda. Barazil ta amince da shigo da garinta a Nuwamban 2021, sa'annan Ajantina ta buɗe ƙofa a 2022. Waken soya mai wannan siffa shi ma tun 2015 aka amince da shi, amma ya zauna yana jiran Sin har zuwa 2022. A nan kana ganin ƙasa mai cikakken 'yanci ta miƙa makullin gonakinta ga hukumar wata ƙasa da yardarta, kuma a ganina ba wauta ta yi ba, gemun maƙwabta ta ga ya kama da wuta ta shafa wa nata ruwa.

Abin da ya faru da masarar Viptera ya nuna makomar wanda bai jira ba. Kamfanin Syngenta ya fara sayar da irin ga manoman Amurka don shukar 2011, da cikakkiyar amincewar hukumomin ƙasar, amma Sin ba ta sa hannu ba tukuna. A watan Nuwamban 2013 jami'an Sin suka fara mayar da jiragen masarar Amurka, har abin da aka ƙi ya haura tan miliyan ɗaya. Sin ta amince da irin a Disamban 2014, bayan ɓarnar ta riga ta auku, kuma ƙarar da manoma suka shigar ta ƙare da sulhun dala biliyan 1.51. Mutane da yawa a harkar sun lura cewa wannan tsanani ya zo ne daidai lokacin da rumbunan gwamnatin Sin suke cike da masarar da ta saya daga manomanta a farashi mai tsada, don haka masarar waje mai araha ba abar maraba ba ce. Ba za a iya tabbatar da niyyar kowa ba, amma dacewar lokacin ta isa a yi tunani. Wani abin ban mamaki kuma, a 2017 kamfanin gwamnatin Sin, ChemChina, ya saye Syngenta ɗin ɗungurungum a kan dala biliyan 43.

Sin ta daɗe tana riƙe da wannan makami da gwaninta. Tana shigo da waken soya kimanin tan miliyan 100 a shekara, mafi yawansa GMO ne daga Barazil da Amurka, amma ta shafe shekaru ba ta bar manomanta sun shuka masara ko soya irin wannan don kasuwa ba, sai a ƙarshen 2023 ta yi rajistar nau'o'in masara 37 da na soya 14, galibinsu na kamfanonin gida. Da ta buɗe gonakinta shekaru ashirin da suka wuce, da irin kamfanonin waje ne zai cika su. Amincewa da shigo da kaya kuwa ta zama abin ciniki a teburin tattaunawa: a Janairun 2019, ana tsakiyar zaman sasanta rikicin haraji da Amurka, Sin ta sanar da amincewa da nau'o'i biyar da suka daɗe suna jira, kuma a yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Janairun 2020 an rubuta cewa Sin za ta rage tsawon lokacin duba buƙatun amincewa zuwa matsakaicin wata 24. Babu wani sabon abu da aka gano a ɗakin gwaji a makon da aka yi waccan sanarwa.

Sai Turai, wadda ita ce tushen yawancin wannan labari. Daga ƙarshen 1998 zuwa Mayun 2004 Tarayyar Turai ba ta amince da sabon nau'i ko ɗaya ba, a lokacin da jama'arta suka rasa amana ga hukumomin abinci bayan annobar haukan shanu. Amurka, wadda ta ce tana asarar cinikin masara na kimanin dala miliyan 300 a shekara, ta haɗu da Kanada da Ajantina suka kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003. Hukuncin da ya fito a 2006 ana yawan fahimtarsa ba daidai ba. Alƙalan ba su ce irin GMO yana da lafiya ba, ba su kuma ce yana da illa ba. Sun ce ne Turai ta yi jinkirin da ba shi da hujja wajen duba buƙatu, kuma haramcin da wasu ƙasashe shida na tarayyar suka kafa a kan nau'o'in da aka riga aka amince da su bai ginu a kan tantance haɗari yadda yarjejeniyar ta tanada ba.

Wannan hukunci yana da muhimmanci ga tambayarka, domin shi ne ya bayyana dalilin da ya sa kowace gwamnati take rantsuwa da kimiyya. A ƙarƙashin dokokin ciniki, ƙasa tana da ikon hana shigo da abinci don kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, matuƙar ta kawo hujjar kimiyya. Amma idan ta ce ta hana ne don jama'arta ba sa so, ko don ta kare manomanta daga gasa, ko don kada kamfanin waje ya mallaki irinta, to ta faɗi a shari'a tun kafin a zauna. Saboda haka duk dalilin da ke zuciyar gwamnati, dole ta saka masa rigar lafiya kafin ta fito da shi. Wannan ne ya sa kake jin ƙasashe biyu suna kiran sunan kimiyya ɗaya suna kaiwa ga hukunci mabambanta.

Abin da Turai ta yi daga baya shi ne raba tambayar gida biyu, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaye ta. Noma daban, shigo da kaya daban. A ɓangaren noma, nau'i ɗaya tak ake shukawa, masarar MON810, kusan duka a Sifaniya, kuma da aka ba ƙasashe damar ficewa a 2015, goma sha tara daga cikin ashirin da takwas sun hana nomansa a duk faɗinsu ko a wani yankinsu. A ɓangaren shigowa kuwa an amince da nau'o'i masu yawa, domin kaji da aladu da shanun madarar Turai sun dogara ne da kimanin tan miliyan 30 na waken soya da dusarsa da ake kawowa kowace shekara, akasari daga nahiyar Amurka. Doka ta wajabta a rubuta a jikin abinci idan sinadarin GMO ya wuce kashi 0.9 cikin ɗari, amma ba ta buƙaci a rubuta komai a jikin nama ko ƙwai ko madarar dabbar da aka ciyar da shi ba. Kuma da ƙa'idar rashin yarda da ko ƙwaya ɗaya ta fara tare jiragen abincin dabbobi, a 2011 aka sassauta ta zuwa kashi 0.1 cikin ɗari ga abincin dabbobi kaɗai. Mai zaɓe ya samu abin da yake so a gona, mai kiwo ya samu nasa a tashar jiragen ruwa.

Meziko ta bi ta wannan hanya ba da son ranta ba. Ƙasar ita ce mahaifar masara, tana da nau'o'in gargajiya da dama da take tsoron kada su gauraya, kuma a lokaci guda tana sayen masarar Amurka ta kusan dala biliyan 5 a shekara, mafi yawanta rawaya ce ta abincin dabbobi da masana'antu. A ƙarshen 2020 Shugaba Andrés Manuel López Obrador ya fitar da umarnin daina amfani da masarar GMO. Masu kiwo na cikin gida da gwamnatin Amurka suka taso, sai a Fabrairun 2023 ya sassauta, ya taƙaita haramcin nan take ga masarar da mutane ke ci kai tsaye. Duk da haka Amurka ta kai ƙara ƙarƙashin yarjejeniyar cinikin da ta haɗa ta da Meziko da Kanada, kuma a Disamban 2024 alƙalai suka ba Amurka gaskiya. Gwamnatin Claudia Sheinbaum ta janye takunkumin shigowa a Fabrairun 2025, sa'annan a wata mai bi ta shigar da haramcin shuka masarar GMO cikin kundin tsarin mulki. Ta saki abin da yarjejeniya ta fi ƙarfinta a kansa, ta ƙulle wanda yake hannunta.

Ƙananan ƙasashe su ne suke shan wahalar wannan ja-in-ja, domin ba su da ƙarfin juya kowa. A 2002, lokacin da fari ya jefa miliyoyin mutane cikin yunwa a kudancin Afirka, tallafin masarar da ya zo daga Amurka yana ɗauke da GMO. Shugaba Levy Mwanawasa na Zambiya ya ƙi karɓa gaba ɗaya, har ya kira shi guba. Zimbabuwe da Mozambik da Malawi suka karɓa bisa sharaɗin a niƙa shi tukuna. Wannan sharaɗi ya tona asirin ainihin damuwar, domin niƙa ba ya sauya komai game da lafiyar mai ci, abin da yake hanawa shi ne manomi ya ajiye ƙwayar ya shuka. Tsoron shi ne kada irin ya shiga gonaki a rasa sunan ƙasa marar GMO a idon masu saye na Turai. A watan Mayun 2003 Shugaba George W. Bush ya zargi Turai a fili da hana Afirka yaƙi da yunwa, Turai kuma ta mayar da martani cewa Amurka tana amfani da tallafi don buɗe wa hajarta kasuwa. A nawa ra'ayin, tsoron ya fi haɗarin girma, domin abin da waɗannan ƙasashe suke sayar wa Turai shi ne taba da shayi da sukari da furanni da kayan lambu, masararsu kuwa da wuya take haye teku. Amma ministan da ba shi da ɗakin gwajin da zai tabbatar wa mai saye tsabtar kayansa, kalma ɗaya daga bakin wakilin babban kanti ta ishe shi ya ja da baya.

Labarin Burkina Faso ya bambanta, kuma ina son a tsaya a kansa, domin a nan ba tsoro ba ne, ba kuma doka ba ce, ingancin kaya ne ya yi magana. Ƙasar ta fara noman audugar Bt ta Monsanto, wadda aka sauya don ta kare kanta daga tsutsa, don kasuwa a 2008, kuma cikin 'yan shekaru ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na gonakin audugarta. Manoma sun so ta, domin feshin maganin tsutsa ya ragu daga kimanin sau shida a damina zuwa sau biyu, wanda ke nufin ƙarancin wahala da ƙarancin shaƙar guba. Matsalar ta ɓullo ne a wajen gurza. Audugar Burkina ta yi suna a kasuwar duniya da tsawon silinta, kuma a wannan kasuwa ana auna tsawon sili da ɗaya bisa talatin da biyu na inci, kowane mataki da farashinsa. Da aka haɗa irin Amurka da na gida, siffar gajeren sili ta biyo, sai audugar da a da ake sa ta a sahun gaba ta fara faɗawa sahun tsakiya, inda take gogayya da ta kowa. Manomi bai ji a jikinsa ba, domin da nauyi ake biyansa. Kamfanonin auduga, da Sofitex a gaba, su ne suke sayar da gurzajjiyar a waje, su ne kuma suke raba iri da taki bashi, don haka su ke da ikon cewa a daina. Sun nemi diyyar sefa biliyan 48 daga Monsanto, kuma a 2016 ƙasar ta koma irin da ta saba. Masu adawa da fasahar sukan kawo wannan a matsayin hujjar cewa ta gaza, masu goyon baya kuma su ce kuskuren haɗa iri ne da za a iya gyarawa. Duka biyun sun bar abin da ya fi muhimmanci, wato cewa wanda yake fuskantar mai saye na waje shi ya yanke hukunci, ba wanda yake riƙe da fartanya ba.

Kada ka ɗauka cewa matsin ciniki kullum hanawa yake sawa, yakan kuma tilasta buɗewa. A Barazil kotu ta dakatar da waken soyan Monsanto a 1998, kuma wasu sun yi fatan ƙasar za ta ci ribar sayar wa Turai soya marar GMO. Amma manoman jihar Rio Grande do Sul suna kallon takwarorinsu na ƙetaren iyaka suna noma da ƙarancin kuɗi, sai suka riƙa shigo da irin ta ɓarauniyar hanya daga Ajantina, har aka yi masa laƙabi da sunan Maradona, shahararren ɗan ƙwallon Ajantina. Da Lula da Silva ya hau mulki a 2003 ya tarar da girbin miliyoyin tan wanda doka ba ta san da shi ba, kuma ba zai iya ƙona shi ba, sai ya ba da izinin wucin gadi a sayar, kafin dokar 2005 ta daidaita lamarin. Ƙarin kuɗin da Turai take biya kan soya marar GMO bai kai ya riƙe manoma ba, ga kuma Sin ta taso tana saye ba tare da wannan sharaɗi ba. Indiya ma, wadda auduga kaɗai ta bari tun 2002, ta dakatar da gautan Bt a 2010, kuma masu fitar da shinkafarta suna tsaye a kan kada a kusanci shinkafa da wannan fasaha, a 2021 ta ba da izinin shigo da tan miliyan 1.2 na dusar soyan GMO da tsadar abincin kaji ta kai masu kiwo bango.

Ko yarjejeniyar Cartagena, wadda aka amince da ita a Janairun 2000 ta fara aiki a 2003 don tsara zirga-zirgar waɗannan halittu tsakanin ƙasashe, an yi ta ne cikin wannan yanayi. Manyan masu fitar da hatsi, Amurka da Kanada da Ajantina da Ostireliya da wasu, sun haɗa kai suka hana a wajabta neman izini kafin kowane jirgin hatsin ci, aka tsaya a kan rubuta cewa kayan yana iya ƙunsar irin da aka sauya. Har yau waɗannan huɗun ba sa cikin ƙasashen da yarjejeniyar ta ɗaure.

Fagen da ake fafatawa yanzu shi ne sabuwar dabarar gyaran ƙwayoyin halitta, irin su CRISPR, inda ake canza ɗan abu kaɗan a cikin tsiron ba tare da an saka masa komai daga wata halitta ba. Ajantina ce ta fara fitar da ƙa'ida a 2015 cewa irin da babu baƙon abu a cikinsa ba za a ɗauke shi GMO ba, Barazil da Japan da wasu suka bi sahu. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Yulin 2018 cewa tsohuwar dokar GMO ta hau kansa, amma a 2023 hukumar zartarwar tarayyar ta gabatar da shirin sassautawa, Ingila kuma, wadda ta riga ta fice daga tarayyar, ta yi tata dokar a shekarar 2023 ɗin. Cikin dalilan da suka tura Turai ga sake tunani akwai wanda jami'an gwajinta da kansu suka faɗa: idan canjin ƙarami ne irin wanda zai iya aukuwa da kansa a gona, kuma mai kayan bai ba da bayani ba, jami'in da ya zura bututunsa cikin jirgi a tashar Rotterdam ta ƙasar Holan ba shi da gwajin da zai nuna masa ko hannun mutum ne ya yi shi.